Barewa Mai Jan Hanci da 'Ya'yanmu na Kurmi

Jama'a, 'yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi, yau ba kan tsadar kaya ko kuɗin haya zan yi magana ba. Kan wasan yara zan yi, amma fa ina roƙon mai karatu kada ya yi saurin juya shafi, don kuwa abin da babba ya raina, sau da yawa shi ne yake yi masa rainon ɗa.

Kowa ya sani, da zarar watan Disamba ya kama a nan Kudu, gari yakan sāke kama. Kantuna su rataya fitilu, motocin zuwa gida su ninka kuɗi, makarantu su ba da hutu, yara kuwa su tare a gaban telebijin ko su ƙwace wayar uwarsu. Ran nan na komo daga kasuwa na tarar da yaran gidanmu, namu da na maƙwabta, sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su, suna kallon wata 'yar barewa mai jan hanci tana tafiya cikin dusar ƙanƙara. Na tambayi ƙaramarsu ko wace ce wannan, ta dube ni kamar na tambaye ta sunan ubanta, ta ce, "Baba, ba ka san Rudolph ba?" Na ce to, ke kin san Gizo? Ta ce a wane tasha ake nuna shi? Wannan amsa ita ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na bi diddigin waɗannan hotunan zane masu motsi, watau katun, da Amurkawa ke nunawa kowace Kirsimeti, don in ga me ya ba su wannan tsawon rai.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, ba daga coci suka fito ba, daga kanti suka fito. Ita wannan barewa, wani ma'aikacin talla ne mai suna Robert L. May ya ƙago ta a shekarar 1939, a birnin Shikago, sa'ad da babban kantin nan Montgomery Ward ya sa shi ya rubuta ɗan littafin da za a riƙa ba 'ya'yan masu sayayya kyauta. A shekarar kaɗai an raba fiye da kwafi miliyan biyu. Bayan haka surukinsa Johnny Marks ya mai da labarin waƙa, mawaƙi Gene Autry ya rera ta a faifai a 1949, ta game ƙasa. Telebijin kuwa bai shiga maganar ba sai daga baya. Katun na farko da aka shirya musamman don telebijin sabo da Kirsimeti shi ne Mister Magoo's Christmas Carol, wanda tashar NBC ta nuna ran 18 ga Disamba 1962, kamfanin agogo na Timex ya biya, labarin kuma an ɗauko shi daga littafin Charles Dickens na 1843, na wani attajiri marowaci da ya tuba a dare guda.

Me ya sa sai a lokacin? Dalili a fili yake. A Amurka ta wancan zamani manyan tashoshi uku ne ke riƙe da ƙasa, NBC da CBS da ABC, telebijin mai launi ya fara shiga gidaje, kuma babu na'urar naɗar shiri a gida. Abin da aka nuna yau da dare, in ya wuce ka, sai baɗi. Sabo da haka ɗan kasuwar da ya sayi sa'a guda a farkon Disamba ya san uwa da uba da yara duk suna zaune a ɗaki ɗaya, ga shi kuwa lokacin sayayya ne. Kamfanin kayan lantarki na General Electric ya gane haka, shi ya biya aka yi Rudolph the Red-Nosed Reindeer, aka nuna shi ran 6 ga Disamba 1964. Har 'yan tsanar da ke cikin wasan ma an sa su sun yi tallar kayan kamfanin a tsakiyar shirin.

Yadda aka yi aikin ma abin lura ne. Arthur Rankin da Jules Bass, masu kamfanin, a New York suke. Galibin muryoyin a Toronto ta Kanada aka ɗauka. Su kuwa 'yan tsanar, a Tokiyo ta Japan aka motsa su, a ƙarƙashin wani gwani, Tadahito Mochinaga. Ba zane ba ne, 'yan tsana ne na gaske da ba su wuce tafin hannu da kaɗan ba. Sai a gyara ƙafar barewa kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara gyarawa a sāke ɗauka, alhali sinima takan ci hoto 24 a daƙiƙa guda. Mai karatu ya lissafa haƙurin da ke cikin wannan. Ga mawallafin waƙar Bayahude, ga masu motsa 'yan tsana Japanawa, ga kuɗi na masu sayar da kayan wuta. Watau dai sana'a ce aka haɗu aka yi, kowa ya kawo abin da ya iya.

To, in talla ce ta haife su, me ya sa ba su mutu tare da tallar ba? Agogon Timex na 1962 ya daɗe da tsayawa, kayan wutar da aka tallata a 1964 sun zama tarkace, amma barewa tana nan, an yi ta nuna ta kowace shekara fiye da shekara sittin. A nan ne maganata take. Ni a ganina, abin da ya raya su shi ne, masu yin su sun karɓi kuɗin ɗan kasuwa amma ba su sayar masa da bakinsu ba.

Dubi A Charlie Brown Christmas, wanda CBS ta nuna ran 9 ga Disamba 1965. Kamfanin Coca-Cola ne ya biya, aka ba Charles Schulz, mai zanen barkwanci a jaridu, da abokan aikinsa Lee Mendelson da Bill Melendez wata shida kacal, kuɗin da aka kashe kuma bai kai dala dubu ɗari ba. Schulz ya kafe a kan abubuwan da kowane masanin telebijin na lokacin ya ce kuskure ne. Ya ƙi a sa dariyar ƙarya ta na'ura a bayan magana. Aka ɗauko yara na gaske suka yi muryoyin, wasunsu ma ba su iya karatu ba, sai a faɗa musu su maimaita. Kiɗan da aka sa na Vince Guaraldi ne, irin wanda ake ce wa jaz, wanda ba a saba haɗa shi da wasan yara ba. Daɗin daɗawa, labarin kansa kukan wani yaro ne da ya ga an mai da biki kasuwa, aka aike shi sayen itacen ado, ya tsallake masu ƙyalƙyali na ƙarfe ya ɗauko wani ɗan tsiro mai zubar da ganye, abokansa suka yi masa dariya. Da ya rasa gane ma'anar bikin, sai abokinsa Linus ya tsaya ya karanta labarin haihuwar Almasihu daga Linjila, a sura ta biyu ta littafin Luka. An ja hankalin Schulz cewa addini a katun kasada ce, ya ƙi cirewa. Manyan tasha da suka kalla kafin a nuna, jikinsu ya yi sanyi. Ran da aka nuna kuwa, kusan rabin waɗanda suka kunna telebijin a Amurka shi suka kalla, fiye da gidaje miliyan 15, daga baya kuma ya ci lambobin yabo na Emmy da Peabody.

Shekara na zagayowa, ran 18 ga Disamba 1966, sai ga How the Grinch Stole Christmas, wanda Chuck Jones ya shirya daga littafin Dr. Seuss na 1957. Labarin wani ɗan baƙin ciki ne da ke zaune a kan dutse, ya sauko da dare ya kwashe wa mutanen gari kyaututtukansu da abincinsu kaf, yana jiran ya ji kuka da safe, sai ya ji waƙa. Nan ya gane bikin ba a cikin kaya yake ba, ya mayar musu. Wa ya biya kuɗin wannan wa'azi? Wata ƙungiyar bankuna! Mai lemo ya biya a ce biki ba ciniki ba ne, mai banki ya biya a ce farin ciki ba dukiya ba ce. Wani zai ce ai wayo ne, kura ce da fatar akuya. Ban musa ba, ɗan kasuwa bai taɓa ba da kuɗinsa don Allah ya ji ƙan kakansa ba. Amma da an bar mai lemo ya rubuta labarin da kansa, da yau babu wanda ya san da shi.

Abu na biyu da ya raya su, shi ne wanda ya fi taɓa ni, kuma ina jin zai taɓa duk wanda ya taɓa ɗaukar jaka ya bar garinsu. Kusan dukkansu labarin bare ne. Rudolph an haife shi da hancin da ba irin na kowa ba, ubansa ya shafe masa shi da taɓo don kunya, sa'o'insa suka hana shi wasa. Ya gudu tare da wani ɗan ma'aikacin Baba Kirsimeti da aka tsangwama don ya ce shi likitan haƙori yake so ya zama, suka faɗa wani tsibiri inda ake tara kayan wasan da aka ce ba su yi daidai ba. A nunin farko na 1964 an manta da waɗannan kayan wasa a ƙarshen labari, ba a ga an koma an ɗauko su ba. Masu kallo suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, tilas a 1965 aka ƙara wurin da aka je aka kwaso su. Ka ji fa, jama'a ba su yarda a bar bare a tsibiri ba, ko da ɗan tsana ne.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata iyaye su nuna wa yara. A waƙar 1949, sai da hazo ya rufe gari aka bukaci hancin Rudolph ya haska hanya, sannan aka so shi. A wasan telebijin kuwa an gyara, sai da aka ba shi haƙuri tukuna, daga baya guguwa ta zo. Mu da muke zaune a garin wasu mun san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu. Akwai mai girmama ka don kai mutum ne, akwai kuma wanda ba ya tuna sunanka sai ran da albasa ta yi wuya ko yana neman ragon biki. Yaron da aka zauna da shi aka nuna masa wannan, ya ƙaru da abin da ba a koyarwa a aji.

Abu na uku shi ne lokaci. Ba kullum ake nuna su ba, shekara-shekara ne, kamar hawan Sallah. Wanda ya kalla yana ɗan shekara shida a 1965 ya kalla da ɗansa, ya kalla da jikansa. Al'adar ta bazu. A Ingila, tashar Channel 4 ta fito da The Snowman ran 26 ga Disamba 1982, daga littafin Raymond Briggs, wasan da babu hira a cikin labarinsa sai kiɗa da waƙa ɗaya, wanda a ƙarshensa yaro ya tashi da safe ya tarar abokinsa na ƙanƙara ya narke. A ƙasar Suwidin, fiye da shekara sittin ke nan, ƙarfe uku na yamma ran jajiberen Kirsimeti miliyoyin mutane kan zauna su kalli tsofaffin katun na Disney. Shirin The Simpsons ma da labarin Kirsimeti ya buɗe, ran 17 ga Disamba 1989. In kana son sanin yadda abin ya shiga jinin mutane, dubi abin da ya faru a 2020, sa'ad da kamfanin Apple ya sami ikon nuna wasannin Charlie Brown, aka ɗauke su daga tashar da kowa ke kamawa kyauta. Amurkawa suka yi ca, har aka yarda tashar PBS ta nuna shi a shekarar da kuma 2021. A cikin 2020 ɗin nan kuma aka yi gwanjon 'yan tsana biyu na asali, Rudolph da Baba Kirsimeti, aka saye su dala 368,000. Abin da aka yi don tallar kayan wuta ya zama kayan tarihi.

To, ina ruwanmu? Na san cikinmu akwai masu cewa maganin abin shi ne a kashe telebijin a ƙwace waya, tun da biki ba namu ba ne. Ina girmama damuwarsu, kuma haƙƙin kowane uba ne ya san abin da ke shiga kan ɗansa. Amma ɗan da aka haifa a Agege ko Sabo ta Badun, in ka kashe na ɗakinka, na maƙwabci a kunne yake, a makaranta kuma labarin da ake yi ke nan. Ba a tare iska da zani. Akwai kuma masu cewa ai wasan yara ne, a bar su. Su ma sun yi sake. Amurkawan da suka tayar da jijiyar wuya a 2020 ba yara ba ne, dattawa ne da aka shuka musu abu tun suna ƙanana. Wanda ya ba yaro labari mai daɗi, a lokaci ɗaya kowace shekara, ya gina ɗaki a zuciyarsa ba tare da ya sayi fili ba.

Kada kuma a ɗauka maganar ta Musulmi ce kaɗai. 'Yan'uwanmu Kirista 'yan Arewa da ke nan tare da mu, mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Gombe, su ma wannan Kirsimeti ta dusar ƙanƙara ba tasu ba ce. Tasu ta ƙurar hunturu ce da kaɗewar leɓe, da sabon ɗinki, da shinkafa da ake aika wa maƙwabta, da waƙoƙin Hausa a coci. Ita ma ba a gani a katun. Ashe dai rashin namu ne gaba ɗaya.

Ba mu da uzurin cewa telebijin baƙo ne gare mu. An buɗe tashar WNTV a Badun ran 31 ga Oktoba 1959, shekara uku kafin a nuna wancan katun na farko a Amurka, ta Kaduna kuma ta biyo baya a 1962. Ba mu da uzurin rashin labari. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da hikayoyin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, muna da tashe, wanda shi ma wasan yara ne na shekara-shekara da ke fitowa cikin watan azumi. Tashar NTA ta nuna a shekarun 1980, da shirin Tales by Moonlight, cewa yaran ƙasar nan za su bar wasa su zauna don tatsuniya. Masu sana'ar ma akwai su: Adamu Waziri ya ƙago katun ɗin Bino and Fino a Abuja, kuma aikin da a dā sai an kai Tokiyo, yau samari na yin irinsa da kwamfuta a ɗaki guda. Abin da ya rage shi ne wanda zai biya, da wanda zai kafe kamar Schulz.

Sabo da haka ga shawarata, kuma ga manyanmu nake miƙa ta, sarakunan Hausawa na garuruwan nan, da shugabannin kasuwar Mile 12, da fataken goro na Shagamu, da dillalan shanu, da 'yan canji. Kuɗin da akan kashe a kalanda da hular rabo kowace shekara, a haɗa wani abu daga ciki a sa a yi wasan katun guda ɗaya tak, na rabin sa'a, da Hausa, a riƙa nuna shi daren jajiberen Sallah kowace shekara, a tasha da kuma a waya. Amma da sharaɗi uku, waɗanda tarihin nan ya koya mana. Mai kuɗi ya sa sunansa a farko da ƙarshe, ya cire hannunsa daga tsakiya, kada a mai da shi kirarin Alhaji. A sa yara na gaske su yi magana da bakinsu, ko da Hausarsu ta karkace. Sannan a faɗi gaskiya, ko da tana da ɗaci.

Labarin ma ba sai an je nesa ba, yana cikin ɗakunanmu. Yaro ne da aka haifa a Ikko, a titi ana kiransa "aboki", aka ɗauke shi a mota kwana da yini zuwa gida don Sallah, yana murna zai je inda ba bare ba ne, da ya buɗe baki sai 'yan'uwansa suka fashe da dariya suka ce ga ɗan Kurmi ya zo. Wane uba ne cikinmu bai ga wannan a fuskar ɗansa ba? Wannan shi ne jan hancin namu. In aka sami mai hikima ya ba da wannan labari yadda ya kamata, har kakar yaron ta jawo shi jikinta ta ce wa sauran su yi shiru, to na tabbata za a kalle shi a Agege a kalle shi a Kano, wanda ya yi dariyar ma ya ji kunya.

Kafin wannan rana ta zo, abin da ke hannun kowa ba ya bukatar ko kwabo. In ka tarar da yara suna kallon barewa, kada ka yi tsawa, kada kuma ka wuce. Zauna a gefensu. Tambaye su me ya sa aka tsangwame ta, wa ya kyauta, wa bai kyauta ba. Faɗa musu cewa bikin na maƙwabtanmu ne, muna yi musu barka kamar yadda suke yi mana, dusar ƙanƙara kuwa ta Turawa ce. In an gama, kashe fitila ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Ni na gwada. Ƙaramar nan da ta tambaye ni tashar Gizo, yanzu ta san ba ya tasha, yana bakin babanta, kuma ta fara cewa wayonsa ya yi yawa.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu gama da garin mutane lafiya, ya mai da kowa gida da alheri. Wassalam.